Harsashin sake-ɗuri mai araha: a saya ko a bari?

Malam Habu (Houston):
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu zuwa filin harbi a nan Amurka ce. Harsasan nan na ƙaramar bindiga da ƙananan kamfanoni ke sake ɗurawa a tsohon kwanso, su zuba dubu guda a kwali su sayar ƙasa da farashin sabo, ana iya dogara da su? Na 9mm da .45 nake nufi. Wasu na cewa ba su da maraba da sabo, wasu na cewa su ne ke fasa bindiga. Masu sani a warware mana.

Lauya Nura:
Wa alaikumus salam. Kafin masana su shigo, a san inda maganar ta tsaya. A Amurka duk mai ɗura harsashi don ya sayar dole ya riƙe lasisin tarayya daga ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, wanda ake kira nau'i na 06. Mai ɗura wa kansa a gida ba ya bukatar lasisi, amma ba shi da hurumin mayar da shi sana'a. Saboda haka ledar da wani ya ɗaure da hannu ya ajiye a teburin baje kolin bindigogi, ba sunan kamfani, ba adireshi, tun daga nan ta faɗi. Na biyu, ga 'yan'uwa masu bizar karatu ko ta ziyara: dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga da harsashi, sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin wannan hani. Dillali mai lasisi ba ya sayar da harsashin fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma California da New York na da nasu ƙarin dokokin. Masu karanta mu daga gida kuwa, dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, wannan hirar ba ta shafi can ba.

Injiniya Bashir:
Malam Habu, amsar tana cikin gane me ke sabo da me ke tsoho. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, faraima da ke gindinsa wadda allura ke buga, albarushi, da kan da ke fita. A sake-ɗuri uku sababbi ne, kwanso kaɗai ne tsoho. To kusan duk bambancin kamfanin kirki da na banza yana wajen yadda suka yi da kwanson nan.

Daga ina yake zuwa? Sharar filin harbi ce. Ana share ta da tsintsiya, a auna a sayar da nauyi. A ciki akwai wanda aka harba sau ɗaya, akwai wanda wani mai gasa ya ɗura sau goma sha ya gaji ya bar shi a ƙasa, akwai na ƙarfe da aka yi wa ruwan tagulla, akwai na alminiyam, akwai na wata bindigar daban. Idan ka ga an rubuta “an harba sau ɗaya” a kwali, tambayi kanka ta yaya suka sani. Wanda ke sayen kwanso daga filin horon 'yan sanda ko na soja, inda sabon harsashi kawai ake harbawa, yana da hujjar faɗin haka. Mai sayen shara daga filin kowa-da-kowa ba shi da ita.

Kamfanin da ya san aikinsa yana bi da kwanson ta maganaɗisu, ya tace da tsawo, ya gwada da iska ko akwai tsaga, ya murje shi tun daga baki har gindi ya dawo da faɗinsa, sannan bayan ɗuri ya jefa kowane ɗaya a geji, wato ƙarfe mai rami da ke gwada ko girmansa ya yi daidai. Kowane mataki kuɗi ne da lokaci. Mai son karya farashi a nan yake ragewa, don mai saye ba ya gani.

Alhaji Garba:
Ni dai ra'ayina a bayyane yake: araha ba ta ado. Ku ɗauko littafin da ke zuwa cikin akwatin bindigarku ku karanta. Glock sun rubuta ƙarara kada a sa sake-ɗuri, kuma yawancin kamfanoni haka suka rubuta, garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ya jawo. A yi lissafi. A ce bambancin santi 3 ne a kan kowane harsashi, dubu guda dala 30 ke nan ka rage. Don dala 30 mutum zai sa bindigar dala 500 da yatsunsa a caca? A 9mm musamman, sabon harsashin atisaye ya yi arahar da wannan ciniki ba shi da ma'ana.

Hajiya Rabi:
Ranka ya daɗe Alhaji, a 9mm lissafinka na da ƙarfi idan kasuwa na kwance. Amma kasuwa ba kullum take kwance ba. A 2020 da 2021 kantuna sun bushe, faraima ma ta yi wuya, sannan a watan Agustan 2021 gwamnati ta sanar da hana shigo da harsasan Rasha, waɗanda su ne masu kwanson ƙarfe da talaka ke atisaye da su. A irin wannan lokaci mutane za su sayi sake-ɗuri ko mun so ko mun ƙi. Kuma a .45 ACP, .38 Special, .357 Magnum da 10mm, inda kwanso ke da tsada, ragin ya fi na 9mm nesa. Mai gasa da ke harba dubbai a shekara yana jin bambancin a aljihunsa. Gara a koya wa mutane yadda za su duba, da a ce musu kawai kada su taɓa.

Malam Habu (Houston):
To Hajiya, dubawar fa? Kwali ya iso, me zan fara yi?

Hajiya Rabi:
Kafin ka buɗe, karanta jikin kwalin. Dole ka ga sunan kamfani da adireshi, nauyin kai da giren (awon nauyin da ake amfani da shi a harsashi), misali 115, 124 ko 147 a 9mm, irin kan, da lambar zubi. Lambar zubin nan ita ce ke ba su damar janye kaya idan wani inji ya yi kuskure a wata rana. In babu ita, ko sun gano matsala ba su san wa za su kira ba. Yanke wannan ɓangaren kwalin ka ajiye tare da harsasan har su ƙare, kuma kada ka juye zubi biyu a gwangwani ɗaya.

Sannan ka nemi tiren roba mai ramuka hamsin ko ɗari, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabo. Jera su gindi sama, a wuri mai haske. Shafa ɗan yatsa a kai. Faraima ta zama daidai da gindin kwanso ko ta ɗan nutse kaɗan, kamar 0.003 zuwa 0.005 na inci. Duk wadda ka ji ta taso, cire. Za ka kuma ga wadda aka sa a kife, wadda ta shiga a karkace ta lotse, har da kwanson da babu faraima sam. Daga nan juya su kai sama, ka duba layin daga gefe da idonka a daidai tsayinsu. Wanda ya fi 'yan'uwansa gajarta zai nuna kansa nan take. Duba bakin kowane kwanso ko ya tsage. Masu farin ruwan nikel sun fi saurin tsagewa, a ƙara musu ido. A ƙarshe bi su da maganaɗisu don gano masu kwanson ƙarfe. Hamsin ba sa cin minti biyu idan hannu ya saba.

Injiniya Bashir:
Bari in ɗora a kan faraimar da ta taso, don mutane su san dalili. Idan ba ta zauna har ƙasan raminta ba, bugun allura na farko ƙarfinsa yana tafiya ne wajen tura ta ciki, sai ka ji ƙas, ba wuta. In ka sake bugawa ta tashi. Mutum sai ya zargi bindigarsa, ya je ya canza sifirin a banza. A libarba kuma tana goga jikin bindigar ta baya, ta hana silindar da ke ɗauke da harsasai juyawa. Yawanci asalin abin kwanson soja ne, irin mai tambarin gicciye cikin da'ira na NATO. Ana matse bakin ramin faraimarsa tun daga masana'anta, kuma sai an buɗe wannan matsin sabuwa ke shiga lafiya. A .45 ACP akwai wani ruɗanin: wasu kamfanoni na yin kwanso mai ƙaramin ramin faraima, wasu mai babba. In ba a raba su ba, inji zai yi ta danna babbar faraima a ƙaramin rami.

Sai awo. Kayan aiki biyu ake bukata, ma'aunin baniya, mai auna tsawo da faɗi, da gejin kwanso, dukansu ba su da tsada. Ga iyakokin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta gindaya. A 9mm tsawon kwanso kada ya wuce inci 0.754, wato milimita 19.15, tsawon harsashi gaba ɗaya kada ya wuce 1.169, faɗin bakin kwanso 0.380. A .40 S&W kwanso 0.850, gaba ɗaya 1.135. A .45 ACP kwanso 0.898, gaba ɗaya 1.275. Ɗebi ashirin daga wurare daban-daban na kwalin ka auna. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakaninsu. A ganina in mafi tsawo da mafi gajarta sun bambanta da fiye da 0.015, injin ba a saite yake ba.

Wanda ba shi da geji ya kwance bindigarsa, ya fitar da bututun shi kaɗai a hannu, ya saki harsashi cikin ɗakin, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututun. Ya faɗa da kansa ka ji ƙarar saukarsa, ya juya da yatsa, in ka kifar ya faɗo ba tare da ka ciro ba. Wanda ya maƙale rabin hanya a gefe ake ajiye shi. Bututun a cire yake fa, ba a yin wannan gwaji da bindiga a haɗe a cikin gida.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, a ƙara wani abu a kan SAAMI ɗin nan, don mutane na ɗaukarta kamar hukuma. Ƙungiyar masana'antu ce da aka kafa a 1926, bin ƙa'idarta na ganin dama ne. Ba wanda ke tilasta wa ƙaramin kamfani ya gwada matsin harsashinsa, wato ƙarfin iskar da albarushi ke haifarwa in ya kama wuta. A Turai, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP irin su Faransa, Jamus, Italiya da Beljiyam, doka ce ta wajabta gwajin kafin a sayar. Saboda haka a nan tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: kuna da bututun gwajin matsi, ko kuna aika samfuri ɗakin gwaji? Kuna da inshora? Kamfanin da ke yi zai amsa da alfahari. Wanda ya fara kewaye-kewaye ya riga ya amsa.

Sadiq:
Yaya Bashir, ni ga wata dabara mai sauƙi. Tunda babban tsoro shi ne harsashin da babu albarushi ko wanda aka zuba wa ninki biyu, me zai hana a ɗora kowane ɗaya a sikelin dijital? Mai nauyi da mara nauyi a cire, shike nan.

Injiniya Bashir:
Ƙanena, wannan dabarar ta ruɗi mutane da yawa, kuma ba ta aiki a harsashin fistol mai gaurayen kwanso. Albarushin da ke cikin 9mm bai kai rabin giram ba. Kwanson wannan kamfani da na wancan kuwa suna iya bambanta a nauyi da abin da ya kai haka ko ya kusa, ga kan shi ma da nasa ɗan bambancin. Sai ka samu harsashi mai kwanso mai kauri da babu ko ƙwayar albarushi ya yi nauyi ɗaya da lafiyayye mai siririn kwanso. Sikeli zai ce maka lafiya lau. Girgizawa a kunne ma haka, ba a jin komai a ƙaramin kwanso.

Gaskiyar da ya kamata kowa ya haɗiye ke nan: duk binciken da Hajiya ta lissafa na waje ne. Abin da ya fi haɗari yana ciki, ba ka da hanyar ganinsa sai ka warware harsashin. A nan amana ce kawai tsakaninka da injin kamfanin. Manyan injinan kasuwanci irin na Camdex suna da abin da ke leƙa kowane kwanso ya tsayar da aiki in albarushi ya gaza ko ya yi yawa. Mai aiki da injin hannu a gareji, wayarsa na ƙara yana ɗagawa, shi ne mai leƙen da kansa.

Alhaji Garba:
To ka ga abin da nake faɗa. Injiniya da bakinsa ya ce amana ce.

Hajiya Rabi:
Sabo ma amana ce, Alhaji, manyan kamfanoni na janye zubi lokaci-lokaci. Bambancin a yawan aukuwa yake da kuma wa zai biya in abu ya faru. Amma tunda an zo nan, a yi maganar abin da ke ceton hannu a filin harbi, don ya fi duk awon muhimmanci.

Harsashin da babu albarushi, wanda 'yan filin ke kira sukwib, faraima kaɗai ke tashi. Ƙarfinta ya isa ya tura kan ya shiga bututu ya tsaya a ciki. Alamunsa: ƙara 'yar ƙarama kamar fus maimakon tsawa, bindiga ba ta yi shuri ba, silaid, wato saman bindigar da ke zamewa, bai koma baya ba, wani lokaci hayaƙi na fita ta baya. Haɗarin yana wajen abin da aka koya wa mutane su yi in bindiga ta tsaya, wato buga magazin, ja silaid, ci gaba da harbi. In ka yi haka a kan sukwib ka saka lafiyayyen harsashi a bayan toshiya. Mafi sauƙin sakamako bututu ya kumbura, mafi muni ya tsage. A libarba abin ya fi saurin faruwa, don ba sai ka ja komai ba, kunama kawai za ka sake dannawa.

Saboda haka duk ƙarar da ta bambanta da ta 'yan'uwanta, tsaya. Cire yatsa daga kunama, baki na kallon gaba, cire magazin, buɗe silaid ka kulle, kwance bututun ka duba ko haske na wucewa. In a toshe yake, sandar tagulla mai kusan faɗin ramin ake sawa a buga a hankali. Ba a sa sukundireba ko ƙusa, suna kankare zaren da aka yanka a cikin bututu.

In kuma ƙas ka ji ba ƙara ko kaɗan, riƙe bindigar tana kallon gaba daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, ko wutar jinkiri ta yi. Jinkirin nan da mutuwar faraima sau da yawa daga wanki suke. Kwanson da aka wanke da ruwa ba a busar sosai ba yana riƙe danshi a ramin faraima. Wanda aka goge da garin totuwar masara ko ɓawon gyaɗar turawa kuma, ƙwaya ɗaya na iya toshe ƙaramar kafar da wuta ke bi.

Ɗan Damagaram:
Ninki biyu kuwa ba ya ba da gargaɗi. Kuma ba kowane harsashi yake samu daidai ba. .38 Special tun 1898 aka ƙera shi, zamanin baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa dogo ne. Albarushin zamani mai saurin ci kaɗan yake bukata, yana kwanciya can ƙasa, ko an zuba sau biyu kai zai zauna ba wanda ya lura. .45 ACP ma haka. Iyakar matsin .38 Special psi (awon matsi) 17,000 ne, na .45 kuma 21,000, ninki biyu yana wuce waɗannan nesa ba kusa ba. Kamfanin da ke neman araha yana son irin wannan albarushin don kaɗan ke isa, gwangwani ɗaya ya ɗura da yawa. A 9mm kwanson ƙarami ne, sau da yawa ninki biyu yana cikowa har a gani, amma shi ma yana da tasa cutar.

Malam Habu (Houston):
Wace cuta ke nan, Malam?

Injiniya Bashir:
Nutsewar kai. 9mm da .40 S&W dukansu suna aiki a psi 35,000 a cikin ɗan ƙaramin fili. In kan ya nutse cikin kwanso, filin ya ragu, matsi ya yi tsalle. Abin da ke riƙe kai shi ne damƙar bangon kwanso. Tagullar da aka yi ta harbawa ana matsewa tana taurara, ta daina damƙa. Lokacin da silaid ya turo harsashi ya bugi gangaren shiga ɗaki, sai kan ya koma ciki ba ka sani ba. Gwajin: auna tsawo, dafa hancin harsashin a gefen teburin katako ka danna da babban yatsa da ƙarfi, sake aunawa. Yi wa goma haka. In ko ɗaya ya nutse da abin da ya kai 0.010, ni a wurina zubin gaba ɗaya abin zargi ne.

Wasu kamfanonin suna ƙoƙarin rufe wannan da matse baki da yawa, sai su haifar da wata matsalar. Harsashin fistol mai silaid a kan leɓen kwanso yake tsayawa a cikin ɗaki. In an lanƙwasa leɓen ciki sosai, ya wuce inda ya kamata ya tsaya, allura ba ta isa faraima da kyau. Bakin 9mm da ya sauka ƙasa da 0.373 ko makamancin haka an wuce gona da iri. Kuma yawancin masu araha kansu dalma ce da aka yi wa siririn ruwan jan ƙarfe, ba riga mai kauri ba. Matsi mai yawa yana yanka ruwan, sai ka ga kai na isa takarda a kwance, ramin ya fito dogo maimakon zagaye. Libarba akasin haka take so: baki a naɗe sosai, in ba haka ba shurin bindiga yana zaro kan sauran harsasan gaba har su tokare silinda, musamman a ƙananan libarba marasa nauyi.

Sadiq:
Kumburin gindi fa da ake yawan magana a .40?

Injiniya Bashir:
Wasu bindigogi, musamman tsofaffin samfuran .40, gangaren shigarsu ya ci cikin ɗaki ta ƙasa, ya bar wani yanki na kwanso kusa da gindi ba abin da ya tokare shi. Da an harba, wurin ya kumbura kamar ɗan ciki a gefe ɗaya. Matsewar da aka saba ba ta kaiwa can ƙasa. In an bar shi, harsashin ba ya shiga ɗaki har ƙarshe, silaid ya tsaya saura kaɗan ya rufe. In an murje shi ya koma daidai, zai shiga, sai dai tagullar wurin ta riga ta miƙe. Kumburi kaɗan ba komai, amma wanda ya bar layi mai lanƙwasa kamar murmushi a jikin kwanson ya mutu, ko an murje. Ranar da wannan gefen ya sake faɗawa daidai kan gangaren, nan yake fashewa, iskar ta bi ta ramin magazin ta watso shi ƙasa. Shi ya sa ko masu yarda da sake-ɗuri da yawa suke tsallake .40.

A 9mm kuma a kula da baƙi biyu. Kwanson .380 ACP gajere ne da kusan milimita 2, na 9x18 Makarov da kusan milimita 1, kuma suna shigewa cikin shara. A tire za ka ga kan ya fito da yawa fiye da na sauran, ka karanta tambarin gindi ka tabbatar. Akwai kuma wani kwanson 9mm mai tudu a ciki, bangonsa ya yi kauri daga ƙasa sannan ya sirance lokaci guda. A daidai wannan gaɓar yake yankewa, gindi ya fito, zoben gaba ya zauna a ɗaki ya hana na bayansa shiga.

Hajiya Rabi:
Wani abin da ba a ambata ba shi ne raunin ɗuri. Don su kauce wa fashewa kuma su rage kuɗi, da yawa suna ɗurawa sanyi-sanyi. Sabon 9mm mai giren 115 yana gudun ƙafa 1,150 a daƙiƙa ko kusa da haka. Na araha kan sauko har sabuwar bindiga mai taurin sifirin ta kasa zagayawa, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin silaid, ko silaid ya ƙi kullewa bayan na ƙarshe. Ga 'yan gasar harbi ta USPSA akwai ƙarin asara. Ana ninka nauyi da gudu a raba da 1,000, dole ya kai 125. Giren 115 a gudun 1,150 ya ba da 132, ya wuce. A gudun 1,050 bai kai 121 ba, makinka ya tafi.

Wanda ke da na'urar auna gudu ya harba goma ya rubuta. Idan tazarar mafi sauri da mafi sanyi ta haura ƙafa 100, ma'aunin albarushinsu na rawa, kuma injin da ke rawa kaɗan yau zai iya yin babba gobe. Wannan ce kaɗai tagar da mai saye ke da ita ta leƙa cikin kwanso. Ita ma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba: in harsashi ɗaya ne lalatacce cikin dubu, harba hamsin na gwaji dama biyar cikin ɗari kawai ke gare shi ta cin karo da shi.

Alhaji Garba:
Na ji duka, kuma na yarda akwai masu yi da kyau. Amma sharaɗi ɗaya ba na sassautawa: bindigar da aka ajiye don tsaron gida ba a sa mata sake-ɗuri. Atisaye daban, ranar tsanani daban.

Hajiya Rabi:
A nan ba mu da saɓani ko kaɗan, ranka ya daɗe.

Lauya Nura:
Kuma in abu ya fashe, kada a zubar da komai. A ajiye kwalin da lambar zubi, ragowar harsasan, fasasshen kwanson, rasit, a ɗauki hoton bindigar kafin a taɓa ta. A rubuta wa kamfanin a rubuce, ba waya kaɗai ba. In sun ce a aiko musu da ragowar, a riƙe wasu a hannu.

Malam Habu (Houston):
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura guda: na ga wasu masu kan dalma zalla sun fi kowanne araha. Su fa?

Ɗan Damagaram:
Ya danganta da bututunka da inda kake harbi. Bututun da zarensa ba mai kaifin gefe ba ne, irin na yawancin Glock da H&K, dalma zalla na iya taruwa a cikinsa ta ƙuntata hanya, matsi ya ƙaru. A irinsu a nemi mai riga ko mai ruwan jan ƙarfe, ko mai fentin roba. A bututu mai zaren gargajiya kamar na fistol samfurin 1911 ko libarba dalma na tafiya lafiya in faɗin kan ya dace da ramin, sai dai hayaƙi da datti sun fi yawa, kuma a duba bututun bayan kowane ɗari. Filayen harbi na cikin gini da yawa ba sa yarda da ita saboda ƙurarta, wasu ma ba sa yarda da sake-ɗuri kowane iri, a tambaya kafin a sayi dubu. Bayan harbi a wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi kafin a ci abinci, don yawancin faraima ma da sinadarin dalma ake yin ta. Kuma karon farko da kowane kamfani, kwalin hamsin ko ɗari za ka saya, daga baya ka yi maganar dubu.